Ido da Sabo: Dalilin da Ya Sa 'Yan Latino Ke Riƙe Kayan da Suka Sani

Gabatarwa

'Yan Latino su ne mazauna Amurka waɗanda asalinsu ya fito daga ƙasashe irin su Meziko da Kuba da sauran yankin Latin Amurka. Ƙidayar shekarar 2020 ta nuna sun haura miliyan 62. Wannan maƙala za ta duba yadda kamannin gwangwani ko kwali ke sa da yawansu riƙe kayan kamfani guda, daga kaka har jika.

Misalai Uku

Gahawar Café Bustelo, wadda ta samo asali a birnin Niyu Yok a 1928, an san ta da gwangwani mai ruwan ɗorawa da ja. Kamfanin Goya, wanda aka kafa a wannan birni a 1936, yana rubuta sunansa da fari a kan shuɗi. Cakulan ɗin Abuelita na Meziko kuwa kwalinsa kusurwa shida gare shi, kuma tun 1973 yake ɗauke da hoton 'yar wasan fim Sara García. Ma'anar sunan ita ce kaka. Baƙon da bai iya Turanci ba yakan hango waɗannan kaya daga nesa, ya gane su ba tare da ya karanta komai ba.

Me Ke Faruwa a Jiki?

A tantanin bayan ido akwai ƙwayoyin halitta iri uku masu tantance launi. Su ke aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta gwada shi da abin da ta taɓa gani. Gane launi da siffa ya fi karatu sauri.

Sannan akwai tsoron baƙon abinci, wanda ɗan Adam ya yi tarayya da dabbobi a kansa. Ɓera idan ya tarar da abincin da bai sani ba, ɗan kaɗan yake ɗanɗanawa. In ya ɓata masa ciki, ba ya komawa. Abin da aka ci aka kwana lafiya kuwa, ƙwaƙwalwa takan ɗauke shi amintacce.

A 1968 masanin halayyar ɗan Adam Robert Zajonc ya nuna wa mutane hotuna da kalmomin da ba su da ma'ana a wurinsu. Ya gano cewa waɗanda aka fi maimaita musu su suka fi so. Ga wanda ya bar ƙasarsa, wannan sabo yakan haɗu da begen gida.

Lamarin bai tsaya ga 'yan Latino kaɗai ba. A 2009 kamfanin Tropicana ya cire hoton lemo mai tsinke daga kwalinsa, sai cinikinsa a Amurka ya faɗi da kimanin kashi 20 cikin ɗari. Dole ya koma ga tsohon zane.

Kammalawa

Hausawa sun ce sabo turken wawa. Kwali yana gaya wa ido cewa an san juna, amma yawan sukari da gishiri da ranar lalacewa suna cikin ƙananan rubutun da ke bayansa. Wajibi ne mai saye ya karanta su.

Aikin Aji

Malami ya rufe sunayen gwangwanaye biyar da takarda, ya ƙirga ɗalibai nawa za su gane kowanne. Daga nan a tattauna: launi ne ya taimaka musu, ko siffa?