Darasi: Yadda Ake Auna Gudummawar Kulob Ga Ƙungiyar Ƙwallon Ƙasa

A wannan wata za mu yi nazari a kan ƙwallon ƙafa, mu haɗa da ɗan lissafi. Sau da yawa akan ji matasa suna gardama a dandali ko a gidan kallo. Wannan ya ce kulob ɗinsa ne ya fi ba ƙasa 'yan wasa, wancan ya ce nasa ne. Gardamar ba ta ƙarewa, domin kowa da irin mudun da yake awo da shi. Darasin nan zai nuna mana mudu uku da ake awo da su. Zai kuma nuna mana abin da ƙaramin kulob yake samu, ko yake rasawa, idan yaron da ya rena ya yi suna.

Kulob da ƙungiyar ƙasa

Kulob shi ne inda ɗan wasa yake aiki kullum. Shi yake biyan shi albashi, yake horar da shi, yake yi masa magani idan ya ji rauni. Kulob yana iya ɗaukar ɗan kowace ƙasa.

Ƙungiyar ƙasa kuwa 'yan ƙasar kaɗai take ɗauka. Ba ta sayen ɗan wasa, ba ta sayar da shi. Idan wasa ya taso, koci yakan aika wa kulob-kulob takardar gayyata. Hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, wato FIFA, ta ware wasu ranaku a kowace shekara. A waɗannan ranaku tilas ne kulob ya saki ɗan wasan da ƙasarsa ta kira. In an gama, kowa ya koma kulob ɗinsa. Ke nan ƙungiyar ƙasa aro take yi, kamar aikin gayya da kowane gida yake ba da mutum.

Mudu na farko: ƙidayar sunaye

Bari mu ɗauki misalin ƙasar Sifaniya. Ita ce ta ci kofin duniya a shekarar 2010, a Afirka ta Kudu. Ta je gasar da 'yan wasa 23. Takwas daga cikinsu 'yan kulob ɗin Barcelona ne. Ga sunayensu: Valdes, Puyol, Pique, Busquets, Xavi, Iniesta, Pedro da David Villa. Kulob ɗin Real Madrid kuma ya ba da biyar.

Ga yadda ake lissafin. A ninka 8 sau 100, za a sami 800. A raba 800 gida 23, za a sami kusan 35. Wato Barcelona ta ba da kashi 35 cikin ɗari, ya ɗan zarce sulusi. Real Madrid kuma, 500 a raba gida 23, kusan kashi 22 cikin ɗari ke nan.

Wannan mudu yana da sauƙi, amma yana da naƙasu. Ba duk wanda aka tafi da shi ne yake taka leda ba. Valdes mai tsaron gida ne, kuma bai buga wasa ko ɗaya a gasar ba. Casillas na Real Madrid ne ya tsare gida tun daga farko har ƙarshe.

Mudu na biyu: wa ya yi aikin?

A nan ana duba waɗanda suka shiga fili da abin da suka yi. Ranar 11 ga Yuli, 2010, Sifaniya ta kara da Holan a wasan ƙarshe a birnin Johannesburg. Cikin mutum 11 da suka fara wasan, bakwai 'yan Barcelona ne, uku 'yan Real Madrid, ɗaya ɗan Villarreal. Bakwai cikin 11 kusan kashi 64 cikin ɗari ne.

Sai batun cin ƙwallo. Sifaniya ta jefa ƙwallo takwas a raga a duk gasar. Villa ya ci biyar, Iniesta biyu, Puyol ɗaya. Iniesta ne ya ci ƙwallon da ta kawo kofin, a minti na 116. Da wannan mudu, duk ƙwallayen takwas na 'yan Barcelona ne.

To amma a lura da wani abu. A watan Mayu na 2010 ne Barcelona ta sayi Villa daga kulob ɗin Valencia. Lokacin da aka yi gasar bai taɓa buga mata wasa ba. Idan aka mai da shi lissafin Valencia, sai Barcelona ta koma mutum bakwai a cikin 23, shida a wasan ƙarshe, da ƙwallo uku kacal. Mutum ɗaya ya sauya lissafi duka. Saboda haka, duk wanda ya kawo maka adadi, tambaye shi yadda ya ƙirga.

Mudu na uku: wa ya yi renon?

Wanda ya sayi bijimi a kasuwa dabam, wanda ya rene shi tun yana maraƙi dabam. Haka abin yake a ƙwallo. Barcelona tana da makarantar horar da yara mai suna La Masia. Ma'anar sunan ita ce gidan gona, domin a wani tsohon gidan gona aka fara ajiye yaran a shekarar 1979. Iniesta ɗan wani ƙaramin ƙauye ne. An kai shi makarantar a 1996, yana da shekara 12.

Cikin mutum 23 da suka ci kofin, tara sun bi ta wannan makaranta. Bakwai suna Barcelona a lokacin. Biyu sun koma Ingila: Fabregas yana Arsenal, Reina yana Liverpool. Fabregas ɗin ne ma ya miƙa wa Iniesta ƙwallon da ya ci a wasan ƙarshe. Villa kuwa ba ya cikin taran, domin kulob ɗin Sporting Gijon ne ya fito da shi. Wannan mudu shi ne ya fi nuna wanda ya sha wahalar shuka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Me ya sa koci yake ɗibar 'yan kulob ɗaya?

Dalili shi ne ƙarancin lokaci. Kocin kulob yana tare da 'yan wasansa kusan duk shekara. Kocin ƙasa kuwa 'yan kwanaki yake samu kafin wasa. Idan ya ɗauko mutum shida da suka saba da juna, an rage masa aiki. Kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya, da ƙafar da ya fi so a ba shi ƙwallo.

Jamus ma haka ta yi a shekarar 2014. Ta je Burazil da mutum bakwai daga kulob ɗin Bayern Munich. Shida sun fara wasan ƙarshe da Ajantina. Na bakwai, Mario Gotze, ya taso daga benci ya ci ƙwallo ɗayar da ta ba su kofin.

Akwai kuma haɗari. Idan kulob ɗin ya yi wasanni da yawa, 'yan wasansa za su iso a gajiye. Idan ya shiga koma-baya, ƙasar ma za ta ji a jikinta.

Yadda abin yake a Nijeriya

Nijeriya ta fara cin kofin Afirka ranar 22 ga Maris, 1980, a Legas. Ta doke Aljeriya da ci uku da nema. Segun Odegbami ya ci biyu, Muda Lawal ya ci ɗaya. Dukansu 'yan kulob ɗin Shooting Stars ne na Ibadan. Kyaftin ɗin ƙungiyar, Christian Chukwu, ɗan Rangers ne na Enugu. A wancan zamani kulob-kulob na gida su ne ƙashin bayan ƙungiyar ƙasa.

Zuwa 1994, lokacin da aka ci kofin karo na biyu a Tunisiya, abubuwa sun sauya. Kusan duk 'yan wasan suna aiki ne a ƙasashen waje. A 2013 koci Stephen Keshi ya tafi Afirka ta Kudu da 'yan wasan gida shida cikin 23, wato kusan kashi 26 cikin ɗari. A cikinsu akwai Reuben Gabriel na Kano Pillars. Wani ɗan wasan gida, Sunday Mba, shi ya ci Burkina Faso ƙwallo ɗaya a wasan ƙarshe, aka ɗauki kofin karo na uku.

Dubi kuma Ahmed Musa, haifaffen Jos. Ya ci wa Kano Pillars ƙwallo 18 a kakar wasa ta 2009 zuwa 2010, sannan ya tafi Turai. Ya ci wa Nijeriya ƙwallo huɗu a gasar kofin duniya, biyu a 2014, biyu a 2018. A takardar gasar, sunan kulob na Turai aka rubuta kusa da nasa. Da mudu na farko, kulob-kulob na gida ba su da kaso a ciki. Da mudu na uku kuwa, kasonsu babba ne.

Me kulob yake samu?

Na farko, suna da daraja. Ɗan wasan da ya buga wa ƙasa, kuɗinsa yakan tashi. Na biyu, FIFA tana biyan kulob ladan aron 'yan wasansa a gasar kofin duniya. Bayan gasar 2022 a Ƙatar, ta raba dala miliyan 209 ga kulob 440.

Na uku shi ne ya fi shafar ƙananan kulob. Dokar FIFA ta ce idan aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, a cire kashi 5 cikin ɗari na kuɗin. Za a raba shi ga kulob-kulob ɗin da suka horar da shi daga shekara 12 zuwa 23. Misali, in kuɗin naira miliyan 100 ne, masu reno za su raba miliyan 5. Sharaɗin shi ne kulob ɗin ya yi rajista da hukumar ƙwallo, kuma sunan yaron yana rubuce a cikin rajistar. In babu rubutu, babu shaida. In babu shaida, sai a yi kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Saboda haka shugabannin kulob su ajiye littafi. Su rubuta sunan kowane yaro, ranar haihuwarsa, ranar da ya shigo da ranar da ya bari. Iyaye su nemo wa yara takardar haihuwa ta gaskiya. Kada a dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta ba. A kuma sani, dokar FIFA ta hana kai yaron da bai cika shekara 18 ba kulob na ƙasar waje, sai a kan wasu dalilai kaɗan. Duk wanda ya zo neman kuɗi don ya fitar da ƙaramin yaro, a bincike shi a ofishin hukumar ƙwallo ta jiha kafin a sayar da gona ko dabba.

Kalmomin da za a riƙe

Koci: mai horar da 'yan wasa. Kyaftin: shugaban 'yan wasa a cikin fili. Benci: inda masu jiran canji suke zama. Sulusi: kashi ɗaya cikin uku. Rajista: rubuta suna a littafin hukuma.

Tambayoyi

1. Faɗi bambanci biyu tsakanin kulob da ƙungiyar ƙasa.
2. Waɗanne ne mudu uku da ake auna gudummawar kulob da su?
3. Me ya sa sunan David Villa ya sauya lissafin Barcelona?
4. Jamus ta je gasar 2014 da mutum 23, bakwai 'yan Bayern Munich ne. Kashi nawa ke nan cikin ɗari?
5. An sayar da ɗan wasa a kan naira miliyan 60. Nawa masu reno za su raba?
6. Rubuta sunayen 'yan wasan kulob ɗin garinku a littafi, tare da shekarun kowa, ka nuna wa malamin aji.

Za mu kawo amsar tambaya ta 4 da ta 5 a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.