Maganin kansa: don me ake maimaita shi?

Jikin mutum ƙananan ƙwayoyi ne waɗanda ido ba ya gani. Ƙwaya takan girma, ta rabu biyu, ta huta. Ƙwayoyin kansa kuwa suna ta rabuwa ba iyaka.

Maganin da ake sawa a jijiya yana kashe ƙwaya lokacin da take rabuwa. Wadda ke hutawa takan tsira. Shi ya sa ake sake ba da shi, sau da yawa bayan sati 3. Manomin Tama ya sani: noman fari ba ya gama haki, sai da maimai.

Gashi yakan zube, don ƙwayoyinsa ma masu saurin rabuwa ne. Yana sake tsirowa.

Wanda aka tura Yamai, kada ya tsallake ranar da lokotoro ya sa masa, ko ya ji sauƙi.