Farautar Rubu'i da Kyamara a Rurum

Akwai wata kalma da muke gamuwa da ita a littafin lissafi, wadda Turawa suke kira kwadiran. Da yawa daga cikinmu sukan haddace ta saboda jarrabawa, kafin a dawo daga hutu ta gudu. Dalili kuwa shi ne muna ɗaukarta baƙuwa, alhali kuwa tana da suna a bakinmu tun kaka da kakanni, wato rubu'i. Almajirin da ya yi nisa a allo ya san izu ɗaya ana raba shi nusufi biyu, rubu'i huɗu, sumuni takwas. Malamin da ke rabon gado ya san inda miji ko mata suke samun rubu'i. Mai agogo kuma idan ya ce ƙarfe biyu da kwata, ai rubu'in awa yake nufi.

A lissafi, idan ka zana da'ira, ka ratsa ta da layi biyu da suka gicciye a cibiyarta daidai wa daida, ka sami yanki huɗu. Kowane ɗaya shi ne rubu'i. Yana da gefe biyu miƙaƙƙu, da baki ɗaya lanƙwasasshe, kusurwarsa kuma digiri 90 ce, domin da'ira duka digiri 360 ce.

A hutun da ya wuce malaminmu na lissafi ya ba mu aiki, ya ce kowa ya ɗauko hotunan abubuwan da ke da wannan siffa a garinsu. Ni mutumin Rurum ne ta ƙasar Rano, sai na ari wayar yayana na shiga farauta. Abin da na samo shi zan bayyana a nan, tare da abin da aikin ya koya mini game da hoto kansa.

Na fara da faifan babata. Na auna daga cibiyarsa zuwa baki na sami santimita 14, na gitta tsinken tsintsiya biyu a kansa. To, ga lissafin da muke tsoro ya zo har gindin murhu. Kewayen faifan shi ne 2 sau 22 bisa 7 sau 14, wato santimita 88. Bakin rubu'i ɗaya ke nan santimita 22. Na ɗora zare a bakin, na miƙe shi a kan rula, ya faɗo kusa da 22 ƙwarai, sai ɗan bambancin da hannun mai ɗinki ya jawo.

A nan ne kyamara ta nuna halinta, kuma ina roƙon mai karatu ya gwada da kansa. Na ɗauki faifan sau biyu. Na farko na tsaya a kansa sosai, bayan wayar yana kallon ƙasa. Na biyu na ja da baya na ɗauka daga gefe, yadda yawancin mutane suke yi. A hoton farko faifai faifai ne. A na biyu ya koma kamar ƙwai, kusurwoyin da tsinkayen suka yi kuma biyu sun buɗe sun wuce 90, biyu sun tsuke, domin na tsaya ne a tsakanin tsinkayen. Faifan bai motsa ba, ni ne na motsa. Mutane sukan ce hoto ba ya ƙarya. Ni dai na ga yana faɗin abin da ya gani ne daga inda aka tsayar da shi kurum. Saboda haka duk mai son hotonsa ya zama shaida a lissafi, dole fuskar kyamara ta yi daidai da fuskar abin, ba karkata. Ya kuma ajiye rula ko kwalin ashana a gefe don a gane girman abin, ya lura kada inuwarsa ta faɗa ciki.

Daga nan abin ya yi ta zuwa da kansa. Ƙofar ɗaki idan aka buɗe ta har ta yi tsaye da bango, ƙasanta yakan share rubu'i a dandamali, a tsohon ɗaki ma har ya yi gurbi. Akwai ƙwarya da aka yi wa zane gida huɗu, wadda hotonta ya fi kyau da hantsi ko bayan la'asar, lokacin da haske ke zuwa a karkace yana cika ramukan zanen da inuwa. Akwai agogon bango da ƙarfe uku daidai. Akwai kusurwar filin ƙwallonmu, inda ake buga kwana. Waɗannan ba su da wuya, ba zan tsaya a kansu ba.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne rufin wani tsohon zaure a unguwarmu, irin ginin da magina ke kira ɗaurin guga. Baka biyu ne suke tasowa daga bango huɗu, su haɗu a tsakiya kamar yadda igiya take riƙe guga. Kowane rabin baka ana ce da shi ƙafa, ƙafafun huɗu kuma sun raba rufin gida huɗu. Da azara da ƙasa aka yi su, ana ɗora azara bisa azara tana ɗan leƙowa gaba, har ɓangarorin su gamu. Bayan na nemi izinin mai gidan, sai da na kwanta rigingine a ƙarƙashin mahaɗar kafin hoton ya fito daidai, yara suna ta dariya a bakin ƙofa. Gaskiya ƙafar ba cikakken rubu'in da'ira ba ce irin na littafi, domin maginin da ido da igiya ya yi awonsa. Amma rufin yana nan tsaye, ya ga damina da yawa. Irin wannan fasaha ce Babban Gwani ya kai ƙarshenta a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, kuma wanda ya shiga Gidan Makama a Kano zai ga irinta idan ya ɗaga kai.

Sai dai kalmar ba siffa kaɗai take nufi ba. Akwai wani kayan awo mai wannan suna, wanda Larabawa suke kira rubu'ul mujayyab. Allo ne na katako ko tagulla mai siffar rubu'i, an rubuta digiri daga 0 zuwa 90 a bakinsa, an rataya zare mai ɗan nauyi daga kusurwarsa. Ana danganta bayaninsa na farko ga Alhawarizmi, wanda ya zauna a Bagadaza a ƙarni na 9, mutumin da kalmar aljabara ta fito daga sunan littafinsa. A manyan masallatai na Masar da Sham akwai ma'aikaci na musamman mai lura da lokutan salla, irin su Ibn Shaɗir na Masallacin Banu Umayya a Dimashƙa, wanda ya rasu a 1375, kuma rubu'i yana cikin kayan aikinsu. Daga baya matuƙan jiragen ruwa na Fotugal suka riƙa amfani da shi a ƙarni na 15, suna auna tsayin tauraron Arewa don su san iyakar nisan da suka yi kudu a gaɓar Afirka ta Yamma.

Tun da babu inda zan sami na tagulla in ɗauki hotonsa, sai na yi nawa. Kwali na yanka, na sa digiri a bakinsa da ma'aunin kusurwa na cikin akwatin lissafi, na manna bututun biro a gefe ɗaya don leƙe, na rataya ƙusa da zare. Sharaɗin shi ne idan bututun ya kwanta daidai da ƙasa zaren ya tsaya a kan 0, idan ya kalli sama sak ya tsaya a kan 90.

Ga amfaninsa na farko. Ka leƙa ƙolin itace ta bututun, kana ja da baya har abokinka ya ce zare ya hau 45. A wannan wuri, nisanka daga gindin itacen daidai yake da tsayinsa daga idonka zuwa ƙoli. Wata giginya da na gwada, nisan ya zama mita 16, na ƙara mita ɗaya da rabi na tsayin idona, ta tashi mita 17 da rabi, ba wanda ya hau. Duwatsun Rurum kuwa ba su yarda da wannan dabara kai tsaye, domin ba ka iya shiga cikin dutse ka tsaya a ƙarƙashin ƙolinsa. Sai ka nemi fili shimfiɗaɗɗe, ka sa alama inda zare ya nuna 45, ka ci gaba da ja da baya a miƙe har ya nuna 30, ka sa wata alamar. Ka auna tsakanin alamun biyu, ka ninka da 1.37, ka ƙara tsayin idonka. 'Yan manyan azuzuwa su binciko inda 1.37 ta fito, ba ta da nisa da darasin da suka yi.

Gargaɗi ɗaya, musamman ga ƙannenmu. Kada kowa ya kuskura ya leƙa rana ta bututun nan, yana iya rasa idonsa. Idan tsayin rana kake so, ka juya bututun har haskenta ya ratsa ya sauka a tafin hannunka, sannan ka karanta zare.

Wannan awo yana da alaƙa da abin da iyayenmu suka sani game da la'asar, wato tana shiga idan inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar da ta rage lokacin zawali. Rurum tana wajen digiri 11 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu. Saboda haka sau biyu a shekara, wajen 20 ga Afrilu da wajen 23 ga Agusta, rana takan bi ta tsakar kanmu, sandar da aka kafa a miƙe ta kusa rasa inuwa da tsakar rana. A waɗannan kwanaki la'asar tana shiga ne daidai lokacin da rubu'ina ya nuna 45. Alƙibla ma a cikin rubu'i take. Mukan ce mun fuskanci gabas, amma daga nan ƙasar Makka tana cikin rubu'in da ke tsakanin arewa da gabas, kimanin digiri 68 daga arewa, wato ana karkatowa hagu daga gabas sak da wajen digiri 22.

Da dare na nemi tauraron Arewa. Tsayinsa a sama kusan daidai yake da digirin garin da kake, don haka a wurinmu yana can ƙasa-ƙasa, tsakanin 11 da 12. Dutse ko itace yana iya rufe shi, hazon hunturu kuma yakan shafe shi sarai. Ya fi kyau a neme shi a ƙarshen damina, a buɗaɗɗen wuri irin na wajen madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gina daga 1971 zuwa 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. Taurari suna kewaya shi digiri 15 a kowace awa. Kyamarar da za a iya kafe ta tana ɗauka awa shida, za ta nuna kowane tauraro na kusa da shi ya zana rubu'i cif a sararin sama. Wayar yayana ba ta kai nan ba. Abin da ta iya shi ne watan daren bakwai, wanda na ɗauka kafin duhu ya rufa, don idan dare ya yi sai ya fito kamar farin tabo. Ido yana ganinsa rabi, amma masana taurari rubu'in farko suke kiransa, saboda ya ci kashi ɗaya cikin huɗu na zagayensa na kwana 29 da rabi.

Akwai rubu'i ɗaya da ba ya ɗaukuwa daga ƙasa, ga shi kuwa yana cikin jakar kowannenmu. A 1791 masana a Faransa suka ba da shawarar a ɗauki nisan da ke tsakanin ƙuryar arewacin duniya da layin tsakiyarta, wanda rubu'in kewayen duniya ne, a raba shi kashi miliyan goma, a kira kashi ɗaya mita. Shi ya sa wannan nisa yake kusan kilomita 10,000, kowace digiri kuma kusan kilomita 111. Rular da na auna faifai da ita, asalinta daga nan ne. Da wannan lissafi, tsakaninmu da layin tsakiyar duniya ya ɗan haura kilomita 1,200.

Hotunan da muka tara, mu 'yan ajinmu, za a liƙa su a allon sanarwa na ɗakin karatu, kowanne da awonsa a ƙasa. Na zaure su ne suka fi ƙaranci, domin duk shekara wasu suna rushewa, wasu ana sauke su a yi rufin kwano, magina masu iya ɗaurin guga kuma suna tsufa. Saboda haka muna roƙon iyayenmu na Rurum da Rano da Kibiya, duk wanda yake da irin wannan zaure ko soro, ya aiko mana ta bakin ɗansa ko 'yarsa kafin ruwa ya sauka. Za mu zo mu biyu ko uku ranar Asabar da hantsi, da rula da tabarmar kwanciya, ba kuma za mu ɗauki hoton kowa ko cikin gida ba sai da izini.