Sammacin Kora a Amurka: Hanyoyin Tsira da Doka Ta Tanadar wa Baƙo

Ka sani 'yan'uwanmu da yawa neman abinci ko neman ilimi ya kai su Amurka. Akwai mutanen Kano da Maraɗi da zangon Kumasi da ke tuƙa tasi a Bronx ko kasa kaya a Harlem, akwai kuma ɗaliban da bizarsu ta ƙare ba su dawo ba. A cikinsu wani kan wayi gari da takardar sammaci a hannu, gwamnati na neman tasa ƙeyarsa zuwa gida. Da ganinta sai gwiwa ta yi sanyi, ya ɗauka magana ta ƙare, alhali sammaci mafarin shari'a ne kawai. An rubuta wannan maƙala domin baƙon da danginsa na gida su san hanyoyin da doka ta tanada, da sharaɗin kowace, da abin da ke toshe ta.

Sammaci da zaman farko

Idan takardar ta zo, karanta ta a tsanake. A samanta akwai lambarka da ta fara da harafin A, wadda da ita kotu ta san ka. A ƙasa an jera zarge-zarge ɗaya bayan ɗaya: kai ba ɗan ƙasa ba ne, daga ƙasa kaza ka zo, ranar kaza ka shigo, ka wuce wa'adin da aka ba ka. Sai sashen dokar da ake tuhumarka da shi, da kotun da za ka je da ranar zama.

Kotunan shige da fice suna ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, mai ƙara kuwa lauyan hukumar shige da fice ta ICE ne. Kotu za ta ba ka tafinta kyauta, saboda haka ka nemi na Hausa idan Turancinka bai nuna ba. Lauya dai gwamnati ba ta biya maka, sai ka ɗauka da kuɗinka ko ka nemi ƙungiyoyin da ke taimako kyauta, kuma kotu tana da jerin sunayensu. Zaman farko gajere ne, mutane cike da ɗaki, ana kiran su ɗaya ɗaya. Alƙali zai tambaye ka ko ka amsa zarge-zargen, da irin sassaucin da kake nema. Idan ba ka sami lauya ba tukuna, roƙi a ɗage zaman kafin ka amsa komai.

Babban kuskure shi ne ƙin zuwa. Wanda bai halarta ba, ana yanke masa hukuncin kora a bayan idonsa, kuma wasu hanyoyin sassauci kan rufe masa har shekara 10. Wanda ya sake gida, wajibi ne ya sanar da kotu cikin kwana 5 a fom mai lamba EOIR-33, domin wasiƙar da aka aika tsohon adireshi, a wurin kotu ta isa.

Hanya ta farko: neman mafaka

Wannan ta wanda ke tsoron a zalunce shi ce idan ya koma, saboda ɗaya daga dalilai biyar: launin fata ko ƙabila, addini, ƙasar asali, ra'ayin siyasa, ko kasancewa cikin wani rukuni na jama'a. Talauci da rashin aikin yi ba sa ciki, komai tsananinsu. A ƙa'ida ana nema cikin shekara ɗaya da shigowa. A 1987 Kotun Ƙoli ta bayyana cewa ba sai an tabbatar lallai za a cutar da mutum ba, ko da yiwuwar ɗaya ce cikin goma, tsoronsa na iya zama mai tushe.

Dubi Fauziya Kassindja, 'yar Togo, wadda ta sauka a filin jirgin Newark a ƙarshen 1994 tana da shekara 17, ta gudo daga auren dole da kaciya. Ta shafe fiye da shekara a tsare, alƙalin farko ya ƙi yarda da ita, ta ɗaukaka ƙara, a 1996 aka ba ta mafaka. Hukuncinta ya zama madogara ga mata masu irin matsalarta. Wanda ya sami mafaka yana iya ɗauko matarsa da 'ya'yansa marasa aure da ba su kai 21 ba, bayan shekara kuma ya nemi katin zaman dindindin, wato girin kad.

Hanya ta biyu: hana mayarwa inda ake tsoro

Wanda wa'adin shekara ɗaya ya wuce masa yana iya roƙon a hana mayar da shi ƙasarsa. Hujjar nan ta fi nauyi, sai ya nuna yiwuwar cutarwa ta fi rashinta ƙarfi. Akwai kuma Yarjejeniyar Hana Azabtarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1984, wadda ke kare wanda hukuma za ta azabtar ko za ta zuba ido a azabtar, ko da yana da laifi a kansa. Waɗannan biyu ba sa kaiwa ga girin kad, ba sa ɗauko iyali, kuma ana iya tura mutum wata ƙasa ta daban.

Hanya ta uku: soke kora

Dokar shige da fice ta 1996 ta kasa ta kashi biyu. Mai girin kad da wani laifi ya jawo masa sammaci sai ya cika shekara 5 da katin, da shekara 7 na zama a ƙasar, kuma laifinsa bai shiga jerin manyan laifuffukan da doka ta ware ba. A nan a kula: tun 2010 Kotun Ƙoli ta wajabta wa lauyan wanda ake tuhuma da laifi ya faɗa masa idan amsa laifin zai jawo kora, don haka kada ka amsa laifi don a sallame ka da wuri ba tare da ka tambaya ba.

Marar takarda kuwa sharuɗɗansa huɗu ne. Zaman shekara 10 ba yankewa, hali na gari, rashin wasu laifuffuka, da nuna cewa korarsa za ta jefa matarsa, ko mahaifinsa ko mahaifiyarsa, ko ɗansa mai takardar ƙasa ko girin kad cikin wahala ta fitar hankali. Wahalar shi kansa ba a lissafa ta. Tafiyar da ta wuce kwana 90 a jere, ko kwana 180 a jimla, tana yanke shekarun, kuma ranar da aka miƙa sammaci ƙidaya ke tsayawa. Sai dai a 2018 da 2021 Kotun Ƙoli ta ce sammacin da ba ya ɗauke da lokaci da wurin zama ba ya tsayar da ita, don haka lauyanka ya duba wannan.

Sharaɗi na huɗu ne ke kayar da mutane. Cewa yara za su yi kewa, ko makaranta a gida ba ta kai ta Amurka ba, bai isa ba. Amma a ce ɗanka haifaffen Amurka mai ciwon sikila ne, ka zo da wasiƙar likitansa, da jerin ranakun da aka kwantar da shi, da magungunan da yake sha, da shaidar cewa kai ne mai biya kuma mai kai shi asibiti, to alƙali ya sami abin dubawa. Haka shekara goman: rasidin haya, takardun haraji, na makarantar yara, wasiƙar limamin unguwa. Mutum 4,000 kacal ake bai wa wannan sassauci a shekara, saboda haka ko an ci nasara akan jira.

Sauran hanyoyi

Wanda ya shigo da biza kuma yake da auren gaskiya da 'yar ƙasa, ko ɗa ɗan ƙasa da ya kai 21, yana iya neman girin kad ana cikin shari'a. Matar da mijinta ɗan ƙasa ko mai girin kad ke azabtar da ita tana da tata hanyar da zaman shekara 3, ba sai da yardarsa ba. Wanda aka yi wa babban laifi ya taimaki 'yan sanda yana iya neman biza mai harafin U, wanda aka yi safararsa kuma mai harafin T.

Idan duk sun faskara, akwai tafiya don kai. Alƙali kan ba da har kwana 120 idan an nema da wuri, ko 60 a ƙarshen shari'a, mutum ya sayar da kayansa ya tafi da kuɗinsa ba tare da hukuncin kora a kansa ba. Wanda ya karɓa bai tafi ba, tara da haramcin shekara 10 na jiransa. Wanda ya sha kaye kuma yana da damar ɗaukaka ƙara. An daɗe wa'adinta kwana 30 ne, amma ƙa'idoji na sauyawa, don haka ka tambayi ranar ƙarshe tun kafin ka bar kotu.

Gargaɗi

Guji 'yan cuwa-cuwa masu cika fom a bayan shago, masu sayar da labarin mafaka da aka haddace. Ramin ƙarya ƙurarre ne: wanda alƙali ya samu ya ƙirƙiri labari da gangan, an haramta masa alfarmar shige da fice har abada, auren bogi kuma na iya kai mutum kurkuku shekara 5. Lauya mai lasisi ko wakilin da Ma'aikatar Shari'a ta amince da shi ne kaɗai zai tsaya maka. Kada ka sa hannu a takardar da ba ka fahimta ba.

Ku kuma dangi na gida, idan ɗan'uwanku ya nemi takardar haihuwa, ko ta asibiti, ko rahoton 'yan sanda, ku aika masa na gaskiya kuma a kan lokaci. Wanda ya karanta wannan maƙala ya isar da ita ga wanda bai gani ba. Allah ya sa mu dace.