Wa Ya Kira Ka, Wa Zai Ciyar Da Kai?

Jikana, na ji kana son ɗaukar makami, kuma zuciyarka ta rabu biyu: ko ka bi 'yan banga masu tsaron ƙauyukan wajen Tuboro, ko ka jira ɗaukar soja a Garwa. Ba zan hana ka ba. Masu satar mutane don kuɗin fansa sun kori makiyaya da yawa daga dazukan Mayo Rai, wanda ya tashi kare su bai yi abin kunya ba. Sai dai ku yaran yanzu, abin da kuka sani game da rundunar ƙasar nan shi ne hawan Sallah: doki cikin lifidi, mahayi da kwalkwali, 'yan baka a jere gaban katangar fada. Bari ka ji yadda ake tara mutanen nan tun abin bai zama ado ba.

Sarakunan dā ba su ajiye soja mai albashi ba. In damina ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, rafuka sun janye har doki zai iya ƙetarewa, sai a buga tambari, manzanni su bazu. Kowane hakimi, kowane arɗo, ya zo da mutanensa, kowa da makaminsa da guzurinsa. Mai hali ya hau doki, talaka ya rataya kwari da baka ya bi a ƙasa. 'Yan tsiraru ne ke zaune kusa da sarki rani da damina, galibi bayinsa da barorinsa, su ne yake ba doki da lifidi daga taskarsa. Sarautun ma na aro ne, Galadima da Kaigama daga Barno, Sarkin Yaƙi daga ƙasar Hausa, shi ya sa kake jin su har yau a fadojin Fulani. In an dawo, ana fitar da humusi daga ganima, a raba saura. Kafin ruwan shuka kowa ya koma gonarsa.

Kuma kada ka raina mai tafiya a ƙasa. A Tabkin Kwatto, cikin Yunin 1804, jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ba su da dawaki sai kaɗan, amma 'yan bakansu suka karya barade da 'yan lifidin Sarkin Gobir Yunfa.

Masarautar Rai Buba ta ɗan bambanta da sauran. Buba Njidda, Bafulatanin Yillaga da ya kafa ta a farkon ƙarni na 19, bai miƙa wuya ga Yola yadda wasu suka yi ba, ko da yake Modibbo Adama na Yola ne ya karɓo tuta daga Shehu a 1809. Wanda ke son tsayawa da ƙafarsa kuwa dole ya nemi mutanen da ba su da wani ubangida sai shi. Don haka Buba ya jingina da Dama da sauran ƙabilun da ya tarar ko ya ci da yaƙi, ya yi dakaru da dogarai daga cikinsu. Dabara ce mai ƙarfi, ita ta riƙe Rai. Amma dawakin nan ba ciyawa kaɗai suka ci ba. Da mutane ake sayensu, mutanen da ake kamowa daga ƙasar Laka, can wajen kudancin Chadi ta yau. Wannan ba a faɗa maka shi cikin kirari, ni kuwa ba zan ɓoye maka ba.

Ba mu muka fara tara mayaƙa haka ba. Girkawan dā sun bi hanya biyu, kowace da inda ta kai su. A birnin Atina, wajen shekara ta 594 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani mai tsara doka, Solon, ya kasa mutane bisa amfanin gonarsu. Mai samun awo 300 a shekara yana cikin mahaya, mai awo 200 ya sayi garkuwa da mashi da kwalkwali da kuɗinsa ya shiga sahu, wanda bai kai haka ba ya ja filafilin jirgin yaƙi. Daga baya aka raba jama'a ƙabila goma, kowace shekara a zaɓi sarakunan yaƙi goma. In yaƙi ya taso, a kafe sunaye a dandalin kasuwa, a ce kowa ya zo da abincin kwana uku. Abin da ya fi burge ni shi ne tsayuwarsu: garkuwa na hannun hagu, rabinta na kare mai ita, rabi na kare wanda ke gefensa. Na gefen nan kuwa sau da yawa mutumin garinku ne, in ka gudu ka buɗe haƙarƙarinsa, kuma gobe za ka haɗu da uwarsa a hanya.

Sparta ta bi ɗaya hanyar. Yaro na shekara bakwai za a raba shi da gida a sa shi horo, ya girma ba ya noma ba ya fatauci, wasu mutane da aka danne su ke noma masa. Mai tarihi Herodotus ya ce a yaƙin Palatiya, shekara ta 479 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), 'ya'yan Sparta 5,000 suka fita, kowane da bakwai daga cikin waɗannan talakawa. Shekara ɗari da 'yan kai bayan haka, a Liktira, 700 kawai suka iya fitarwa daga cikin 'ya'yan gari, aka kashe 400. Dokarsu ce ta cinye su: duk wanda ya kāsa kawo rabonsa na abinci wurin cin taro, an cire shi daga sahun 'yan gari. Ƙasa ta taru hannun 'yan kaɗan, mayaƙa suka ragu, manoman da aka danne kuma suna jiran rana.

Namu dawakin ranarsu ta zo a 1901, lokacin da Jamusawa suka tari rundunar Lamiɗo Zubairu na Yola a Garwa da bindiga mai ruwa. Lifidin da ke tare kibiya mai dafi bai tare harsashi ba. Rai ma ta faɗa hannunsu, daga nan hawan ya koma na biki.

To, ga abin da nake so ka tambaya kafin ka amsa kira. Wa ya kira ka, kuma shi wa ke iya tsawata masa? Mayaƙin dā ya san hakimin da ya kawo shi, ya san ranar komawarsa gida. In ƙungiyar bangar da ke nemanka ba ta da rajista wurin hukuma, jandarma ba su san da ita ba, lawanin ƙauye bai san sunayenku ba, ka ja baya. Sannan wa zai ciyar da kai? Wannan ita ce tambayar da samari ke jin nauyin yi, ita ce kuwa babba. Mai bindiga da ba a ba shi abinci, a garken wanda yake tsaro zai ci, yau akuya ce ta godiya, gobe sa ne na dole, jibi makiyayi ba ya iya bambanta shi da ɗan fashi. Na ga yaran kirki sun lalace ta nan.

In soja ne, ka bi ƙofa. Rundunar BIR an kafa ta ne tun 2001 saboda masu tare hanya irin na yankinmu, kuma ana shelar ɗauka a fili. Ka shirya takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ka ba kowa ko dala don ya sa sunanka. Ka kuma zauna da babanka ku tsai da wanda zai riƙe gonar masara da audugar bana, don ƙanenka bai isa riƙe garmar shanu shi kaɗai ba.