Kurkunu a Jikin Karnukan Chadi

A shekarar 2013 aka tabbatar Nijeriya da Nijar sun rabu da kurkunu. Amma a Chadi, tun 2012 aka fara ganin tsutsar tana fitowa daga ƙafafun karnuka a ƙauyukan masunta na gaɓar kogin Shari, kuma iri ɗaya ce da ta mutum. Ana zaton ta cin kayan cikin ɗanyen kifi suke kamuwa.

Ba cizo ke yaɗa ta ba. Idan kare mai gyambon ya shiga tafki, tsutsar takan zubar da 'ya'yanta, ƙananan ƙwarin ruwa su haɗiye su. Wanda ya sha ruwan ba tacewa, bayan kamar shekara guda sai ta ɓullo masa. Ba ta da magani ko rigakafi, shi ya sa ake ɗaure karnukan, a binne kayan cikin kifin.