Mata Masu Sana'ar Hannu da Neman Magani a Karkarar Maraɗi

A ƙauyukan jihar Maraɗi, a kudancin Nijar, mata da yawa da sana'ar hannu suke rufa wa kansu asiri. Wasu suna saƙa tabarmi da faya-fayai, wasu suna ginin tukwane, wasu kuma suna matsar man gyaɗa su soya ƙuli-ƙuli. Jarin irin wannan mace ƙarami ne. Ranar da ta kwanta ciwo, ciniki ya tsaya. Idan jinya ta yi tsawo, sai a cinye jarin.

Abubuwa uku ne suka fi hana ta zuwa asibiti da wuri: nisan hanya, rashin kuɗi, da jiran izinin maigida, wanda sau da yawa ya tafi cin rani.

Hukuma ta yi ƙoƙarin magance nisa da tsada. Daga shekarar 2001, a zamanin Shugaba Tandja Mamadou, an gina ƙananan ɗakunan shan magani a ƙauyuka. A 2005 aka mai da tiyatar haihuwa kyauta, a 2006 kuma aka ƙara da awon ciki da maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5. Sai dai gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu, magani ya riƙa yankewa. Kuɗin mota ko na amalanke kuwa yana wuyan majinyaciya.

A nan ne asusun mata ya yi rana. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara shirin Mata Masu Dubara a Maraɗi. Mata sukan taru kowane mako, kowace ta zuba abin da aka yanka, a ba mai bukata rance. Ƙungiyoyi da dama sukan ware wani kaso don ciwo da haihuwa. Ta haka mai tabarma takan isa asibiti ba tare da ta sayar da akuyarta ba. Daga Maraɗi wannan tsari ya bazu zuwa ƙasashe da yawa na Afirka, Asiya da Latin Amurka.

Tambayoyi

1. Me ya sa doguwar jinya take karya mai sana'ar hannu?
2. Wace matsala ce maganin kyauta bai warware ba?
3. Bayyana ma'anar “rufa wa kai asiri”, “cin rani” da “yin rana”, sannan ka sa kowanne a jimla.